Birkin Da Na Taka A Shataletale

Ni ba tuƙi na zo koya Abuja ba. Da tuƙina na zo. Ina shekara goma sha huɗu babana ya ɗora ni kan matashi a gaban sitiyari, a wani fili bayan tashar Damagaram, domin shi direba ne kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Kafin in gama sakandare na karɓi lasisin ƙasarmu, wanda mu can muke ce wa parmi. Karatu ne ya kawo ni Najeriya, in koyi Turanci da kwamfuta a wata makaranta a Garki, in Turancin ya zauna a bakina in nemi makarantar jinya. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka labarin 'yar koyo zan bayar.

A Tungan Maje na sauka, wurin ƙanwar babana, Gwaggo Abu. Ta fi shekara talatin a nan. Mijinta dillalin shanu ne a Dei-Dei, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da wata tsohuwar mota ruwan toka lulluɓe da tamfol a tsakar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ba ta taɓa haihuwa ba. A waya kullum cewa take wa babana lafiyarta lau. Sai da na zo na ga ƙafafunta kamar an hura su, na ga wani bututu manne a gefen wuyanta, sannan na gane ba ɗakin kwana kawai aka turo ni in samu ba. Ƙodarta ta daina aiki. Duk Litinin da Alhamis sai an ɗora ta kan inji an wanke mata jini, a wani ƙaramin asibiti can cikin gari.

Wanda bai taɓa kai mai wankin ƙoda a motar haya ba, ba zai gane ba. Daga Tungan Maje mota ɗaya zuwa Zuba. A Zuba a sauka a nemi wata. A cikin gari a sake sauka a nemi ta uku. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Zuwan da sauƙi. Dawowar ce masifa, don bayan awa huɗu kan inji Gwaggo takan zama kamar tsumman da aka matse. Jiri, amai, sanyi. Ina riƙe da leda a hannu ɗaya, kanta a kafaɗata, wani ƙato na danne mata cinya da jakarsa. Na yi faɗa da direbobi har na manta yawansu. Shatar mota sau biyu a mako ta fi ƙarfinmu, maƙwabcin da ya ce zai riƙa jan motar gida kuwa sau ɗaya ya zo, daga nan wayarsa ta daina shiga.

A asibitin nan na san Mama Rifkatu. Mutuniyar Filato ce, ta yi ritaya daga aikin masinja a wata ma'aikata, tana zaune a Dei-Dei, ita ma wankin ƙoda take zuwa, gadonta kusa da na Gwaggo. Irin Hausar Abuja take yi, wadda mace ma “kai” ake ce mata. Ranar farko da ta ce mini, “Yarinya, kai ne ɗan Nijar ɗin?” na ce mata ni ba kai ba ce, ke ce. Ta yi dariya har nas ta zo ta gyara mata allura.

“Hajiya, wannan 'yarka akwai baki,” ta ce wa Gwaggo.

“Na ubanta ne,” in ji Gwaggo. “Shi ma haka ya addabe mu.”

Tun daga ranar take kira na Faransa, saboda Faransancin ƙasarmu. Kullum da ɓawon lemo a ƙullin zaninta, ta miƙa wa Gwaggo ta ce ta riƙa shaƙa a mota, yana rage tashin zuciya.

Wata na biyu na ce ba zan iya ba. Na yaye tamfol, na kori kaji, na kira bakanike ya sa batir ya canza mai. Motar ta tashi. Ranar Litinin na shimfiɗa wa Gwaggo matashi a kujerar baya, ta kwanta ta miƙe ƙafa, tana cewa rabonta da shiga motar nan tun mai gidan na da rai. Ba mu wuce Zuba ba wani mai kaki ya ɗaga hannu. Na miƙa masa parmi. Ya juya shi gaba, ya juya baya.

“Wannan wane yare ne?”

“Faransanci.”

“To nan ba Faransa ba ne. Faka da kyau.”

Da na yi shiru, da na ce ranka ya daɗe dubi marar lafiya, wataƙila da ya sake mu. Ni kuwa sai na ce masa in bai iya karatu ba ya kira wanda ya iya. Wannan maganar ta ci mana awa uku a rana. Har yau ban sani ba ko da gaskiyarsa. Wasu sun ce takardata ta isa, wasu sun ce tunda zama na zo yi dole in nemi ta nan. Abin da na sani shi ne kafin mu isa an ɗora wani a injin Gwaggo, aka ce sai gobe. Washegari da safe numfashinta kamar mai zuƙar kunu ta tsinke.

Da ta samu kanta, ta kira ni ɗaki ta ce in ɗauko makullin.

“Balki, ki rantse mini ba za ki sake tada motar nan ba sai da takardar ƙasar nan a hannunki.”

“Gwaggo, ai laifin mutumin nan ne.”

“Ban tambaye ki laifin wa ba ne. Ke baƙuwa ce. Baƙo ba ya da gaskiya a bakin titi. Yau mota suka riƙe, gobe ke za su riƙe, a ce ki tattara ki koma, karatun ya tashi. Me zan ce wa babanki Isufu? Rantse.”

Na rantse. Ta sa makullin a cikin kwallar da take ajiye turare, ta rufe.

Daga nan na daina lissafin kwana da sunan wata. Da Litinin da Alhamis nake lissafi.

A Garki, kusa da ofishin da ake yin lasisi, akwai wata bishiya da wasu mutane ke zama ƙarƙashinta da jakunkunan takardu. Tun ban ƙarasa ƙofa ba ɗaya ya tare ni, da farar shadda da biro uku a aljihu. Ya ce sunansa Oga Sule. Na gaya masa abin da nake nema, ya kaɗa kai kamar mai jin tausayi.

“Ƙanwata, in kika shiga ciki, za su ce ki je makarantar tuƙi wata guda, ki kawo katin zama, ki yi gwaji. Ke da kika iya mota me ya haɗa ki da wannan wahala? Ba ni hoto biyu. Sati ɗaya.”

Abin da nake son ji ke nan, shi ya sa na ji shi. Sati ɗaya ya zama uku. Kullum na kira sai ya ce netwok ne, ko ogansa ya tafi Kaduna ta'aziyya. Ranar da ya kawo katin, sai ƙyalli yake, ga hotona, ga sunana. Ban ma je gida ba, asibiti na wuce da shi don ranar Alhamis ce. Na miƙa wa Gwaggo tana kan inji, ta riƙe shi da hannun da ba allura tana murmushi. Mama Rifkatu ta ce a ba ta ta gani. Ta sa tabarau.

“Faransa, sun ɗauki yatsanka a kwamfuta?”

“Wane yatsa?”

“Ka shiga ciki, ka zauna a kujera, sun ɗauki hoto da kansu?”

Na ce a'a, hoton da na ba shi ne.

Ta cire tabarau ta ninke. “Ɗana, shekara ashirin da takwas ina ɗaukar fayil a gwamnati. Wannan na bogi ne. In an kama ka da shi, ya fi babu muni.”

Washegari na koma. Bishiya na nan, masu jaka na nan, Oga Sule babu. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai taɓa jin mai wannan suna ba, har wanda na gani da idona suna cin gyaɗa tare. Na zage su tas, suka yi ta dariya. Ba kuɗin da na ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba. Zuwa shida ne da dawowa shida da Gwaggo ta yi a matse cikin motar haya, ni ina jiran roba mai ƙyalli.

A wannan satin ne kewar gida ta kama ni da gaske. Na tsani komai na garin: manyan titunan da ba wanda ke tafiya a ƙafa, gaisuwar da ba a tsayawa a ƙarasa ta, yadda nake buɗe baki a aji a yi dariyar Turancina. Ina zaune a bas sai in ji muryar babana kamar yana gefena. Ba ya yawan magana in yana koyarwa, abu biyu ne kawai yake maimaitawa. Na farko, a duba madubi. Na biyu kuwa, duk lokacin da muka shiga shataletale, sai ya ɗora hannu kan gwiwata ya ce, “Na dama ke da hanya, Balki. Ko kina ciki, in ya taho ta damanki, ki tsaya masa.” Ya faɗa mini wannan ya fi sau ɗari. Ƙafata ta haddace kafin kaina.

Mama Rifkatu ce ta haɗa ni da Baba Ayuba, ɗan cocinsu, mai makarantar tuƙi a Dei-Dei. Makarantar ba ta wuce kwantena ɗaya da mota biyu da wani fili bayan 'yan katako ba. Tsoho ne Bagwari mai furfura a kunne. Ya jera tayu ya ce in gwada shiga tsakaninsu. Na shiga da gaba, na fito da ribas, ban taɓa ko ɗaya ba, na faka daidai ƙafarsa.

“Kai! Wa ya koya maka?”

“Babana. To sa mini hannu in tafi.”

Ya ce ba haka ake yi ba. Sunana zai shiga kwamfuta, kwamfuta kuma kwana take ƙirgawa, ko da kai ka ƙera motar sai kwanakin sun cika. Na yi masifa, na ce ƙasar nan komai sai an wahalar da mutum. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙo mini wani ɗan littafi na dokokin hanya, ya ce in karanta, kuma duk Asabar yana zama da ɗalibai a inuwa yana bayani.

Ban je ko Asabar ɗaya ba. In zauna da waɗanda ba su san birki da totur ba, ana nuna mini hoton danja? Littafin kuma da Turanci yake, na buɗe shafi biyu kaina ya yi ciwo. Gwaggo ce ta samu amfaninsa. Da shi take fifita a motar haya. Duk Litinin da Alhamis littafin nan yana kaɗawa a gaban hancina, ban ƙara buɗe shi ba.

A tsakanin nan na yi ta zirga-zirgar katin zama da lambar shaida, daga wannan ofis zuwa wancan, a ce ki dawo gobe, a ce mai sa hannu ya fita salla. Na samu dai. Tuƙin da nake yi da Baba Ayuba duk a babban titi ne miƙaƙƙe, mu je mu juyo. Saura kwana uku a yi mini gwaji ya ce, “Gobe za mu shiga cikin gari, ka ga yadda ake yi a can.” Goben Litinin ce, ranar asibiti. Na ce masa ba ni da lokaci, kuma gari ai gari ne. Ya dube ni ya ce to.

Za a ce duk shigar da nake yi gari a motar haya ban lura da yadda ake bi ba? Ban lura ba. Idona na kan leda da fuskar Gwaggo. Kuma direbobin hayar Abuja kowa kutsawa yake, ba mai gane doka daga tuƙinsu.

Ranar Laraba aka sa mini gwaji. Tun Talata Gwaggo ta sa na wanke rigar matashin nan, ta ce jibi a kwance za ta je kamar matar minista. Ta ciro makullin daga kwalla ta ajiye kan tebur, sai ƙamshin turare yake.

Mai gwajin wani mutum ne siriri mai tabarau, Hausarsa tsaf, Malama yake ce mini. Ya zauna a gefena da fayil, Baba Ayuba a baya tunda motarsa ce. Ribas, fakin, tashi a kan tudu, duk na yi kamar shan ruwa. Na ga yana gyaɗa kai yana rubutu. Ya ce mu zaga ta shataletalen can mu dawo, shi ke nan.

Na shiga. Ina tsakiya sai na hangi wata a-kori-kura ɗauke da ruwan leda ta taho ta damana. Ban yi tunanin komai ba. Ƙafata ce ta tafi da kanta, na taka birki har ƙasa.

Ƙarar taya ta tashi a bayana, sai wani gum. Fayil ɗin mai gwaji ya zube a ƙafarsa. Hon ta ko'ina. Mai a-kori-kurar, wanda shi ma ya tsaya yana jira na in wuce, ya leƙo yana tambaya ko lafiyata ƙalau. Wanda ya buge mu ta baya ya fito yana ihu da Turanci. Allah ya taƙaita, fitila ɗaya ce ta fashe. Baba Ayuba ya fita yana ba shi haƙuri.

Da muka gangara gefe, mai gwajin ya tattara takardunsa a hankali ya ce, “Malama, me ya sa kika tsaya?”

“Na dama ne da hanya.”

“A ina?”

“A ko'ina mana!”

Ya cire tabarau ya goge. “A ina kika koyi mota?”

Na ce Damagaram. Sai ya yi ɗan murmushi, ba na raini ba. Ya ce ya taɓa zuwa aiki ƙasarmu, saura kaɗan a kashe shi a shataletale don ya yi irin ta nan. Ya ce a nan wanda ke ciki shi ke da hanya, mai shigowa ke jira. Yana cikin littafi. Ya ce hannuna ya fi na duk waɗanda ya gwada a watan, amma in dawo bayan mako biyu.

Ni da ban iya roƙo ba, ranar na roƙa. Na gaya masa zancen Gwaggo, da inji, da motar haya, da matashin da aka wanke. Na ce yanzu ai na sani, ba zan sake ba. Ya saurare ni har ƙarshe.

“Kanki ya sani. Ƙafarki ba ta sani ba tukuna,” ya ce. “Da ita ce kwance a baya yau, kuma tirela ce a bayanki fa? Allah ya ba ta lafiya. Ba zan sa hannu ba.”

Baba Ayuba ya ja motar muka koma Dei-Dei. Da na ce zan gyara fitilar, ya ce in bar shi, laifinsa ne da ya biye mini.

A gida na tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗaki, ta sa ido a hanya. Tana ganin fuskata ta gane. Na durƙusa na ce ta yafe mini rantsuwar nan, mako biyu kawai, zan bi a hankali, zan yi wa kowane mai kaki ranka ya daɗe.

“A'a.”

“Gwaggo, zuwa huɗu ne fa.”

“Na yi shekara biyu ina yi kafin ki zo. Huɗu ne za su gagare ni?” Ta mayar da makullin cikin kwalla. “Ke dai da gaske tsayawa kika yi a tsakiyar titi kina yi wa mai ruwan leda ladabi? Duk rashin kunyarki, ashe mota kawai kike girmamawa.”

Ta yi dariya, ni na kasa.

Zuwa na farko da na biyu mun yi su yadda muka saba. Na uku, a hanyar dawowa ruwa ya tsuge. Muka tsaya ƙarƙashin gada fiye da awa ɗaya, duk motar da ta zo mutane su yi mata caa, ni ba zan iya kutsawa da ita ba. Iska na kaɗo ruwan har inda muke. Na lulluɓe ta da mayafina, amma kafin mu samu mota ta jiƙe har wuya, haƙoranta na haɗuwa. Washegari zazzaɓi. Ranar ta huɗu ba mu dawo gida ba, gado aka ba ta. Kwana biyu ta yi. Ta rasu da hantsi, ina riƙe da ƙafarta ina matsa mata.

Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga ta bututun wuyanta, yana faruwa ko ga wanda ake kawowa a motar gida. Na tambaye shi ko ruwan ne. Ya ce ba zai iya cewa ba. Na so ya ce e, ko ya ce a'a. Har yau da wannan nake kwana nake tashi.

Babana bai samu zuwa ba, idonsa ya riga ya yi rauni, ba ya tafiya mai nisa. Bayan an kai ta na kira shi. Muka yi gaisuwa, muka yi kuka, ya ce motar ta zama tawa tunda shi ne magajinta. Sannan ya tambaye ni ina aka kwana zancen lasisi, don ban gaya masa na faɗi ba. Na ba shi labari tun daga shiga shataletale har birki. 

“Na sani,” ya ce. “Shekara nawa ina kai kaya Kano. Na san ba haka suke yi ba. Da na tsallaka iyaka nake juya kaina.” Muryarsa ta karye. “Na gaya miki ki riƙe salla, na gaya miki ki rage baki. Wannan ɗaya na manta, Balki.”

Na ce ba laifinsa ba ne, an ba ni littafi ban karanta ba. Ya ce a'a nasa ne. Muka yi ta ja, kowa na son ya ɗauka, har katin ya ƙare.

Ranar sadakar bakwai Mama Rifkatu ta zo gaisuwa, ita da Baba Ayuba. Ta zauna kan tabarma cikin mata, ta lulluɓe kai, ta yi kukanta. Da za su tafi Baba Ayuba ya ce ya je ya roƙa an ɗaga mini ranar gwaji. Na ce ya bar shi. In yi wa wa? Bai ja ba.

Na raka su bakin titi. Mota ta tsaya da mutum uku a baya. Na ga Mama Rifkatu ta tattare zani, ta shiga a karkace, rabin jikinta kan wata mata, ta ɗaga hannun da ake sa mata allura sama don kada a danne shi. Direba ya turo ƙofa da ƙugunsa sau biyu kafin ta rufu. Ta leƙo ta taga ta ce, “Faransa, ka ci abinci, ka ji?” Motar ta tafi. Na daɗe tsaye a wurin.

Da na koma ɗaki na ɗauko littafin. Gefensa duk ya lanƙwashe da zufar hannun Gwaggo. Na karanta shi da ƙamus, shafi-shafi, kwana huɗu. Ranar Asabar na je na zauna a inuwa cikin 'yan koyo. Daga nan Baba Ayuba ya kai ni wannan shataletalen, ya ce in shiga kada in fita sai ya ce. Muka yi ta zagaye. Duk motar da ta taho ta dama sai in ji ƙafata ta ɗaga, shi kuma ya buga gaban mota ya ce, “Tafi! Naka ne!” Sai da jiri ya kama mu duka biyu ya ce ya isa.

Mai tabarau na sake samu. Da muka gama ya sa hannu, ya ce, “Ya mai jiki?” Na gaya masa. Ya ajiye biro ya yi mata addu'a. Aka shigar da ni ciki, na zauna a kujera, suka ɗauki hotona, suka dangwala yatsuna goma a gilashi. Aka ba ni takardar wucin gadi, aka ce katin zai fito daga baya. 'Yar takarda ce da ba ta kai tafin hannuna ba.

Ranar Alhamis bayan asuba na buɗe kwallar turare. Na yaye tamfol, na kori kaji. Matashin na nan da wankakkiyar rigarsa, ba wanda ya kwanta a kai. Na sa shi a kujerar baya na nufi Dei-Dei.

Na tarar da Mama Rifkatu ta fito da jakarta za ta bakin titi. Na tsaya a gabanta na buɗe ƙofar baya. Ta dubi motar, ta dubi matashin, ta dube ni.

“Na Hajiya ne,” ta ce.

“Na sani. Shiga, Mama, za mu makara.”

“Nuna mini takarda tukuna.”

Na miƙa mata. Ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, ta ce wannan kam na gaske ne. Ta shiga ta kwanta a hankali, ta miƙe ƙafafunta har suka taɓa ɗaya ƙofar. Ta kwance ƙullin zani ta ciro ɓawon lemo, ta riƙe shi, sannan ta mayar.

Muka kama hanya har cikin gari. Da muka shiga shataletale wata mota ta taho ta damana, na ji ƙafata ta ɗaga, na ji kamar hannun babana kan gwiwata. Na riƙe sitiyari na wuce. Motar ta tsaya mini.

Na duba madubi in ga ko Mama ta lura. Ta yi barci.